Ladanin Kano a Ɗakin Innata

Assalamu alaikum Anti Labiba,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Yau kwana shida ke nan ina yawo da wata magana a cikina, na kasa faɗa wa kowa a gidanmu, kuma abin haushin shi ne da bakina na jawo ta. Ki yi haƙuri in na yi tsawo. Ban iya taƙaita zance ba, a wurin Innata na gada.

Ni haifaffiyar Zongon Kwatano ce, a ƙasar Benin, shekarata talatin da takwas, ina aikin sakatariya a wani biro, wato ofis, na masu shigo da kaya a Ganhi. Tun da aurena ya mutu na dawo gida, yanzu mu biyu ne a sashenmu, ni da mahaifiyata Hajiya Lami, wadda muke kira Inna. Babanmu, marigayi Alhaji Barau, shi da kakanninsa duk a nan aka haife su, amma Inna 'yar Kano ce, daga Yakasai. Sarin huluna da takalman fata ne ya kai Baba can, ya dawo da kaya, ya dawo da mata. Shekararta arba'in da biyar a Kwatano, ta iya cinikin kifi da harshen mutanen gari, ta iya yi wa mai zemijan faɗa in ya yi gudu da ita a babur, amma har gobe in ta ce "gida", Kano take nufi.

Lokacin da muke yara, ƙaninta da ke Kano, wanda muke kira Kawu, yana da bidiyo. Duk wasan kwaikwayon da tashar talabijin ɗin jiharsu ta sa, sai ya naɗa mata a kaset, Baba ya taho da su a tsakiyar ƙunshin huluna don kada su fashe a hanya. Wallahi Anti, in Baba ya dawo daga tafiya, ba ta tsaraba muke ba. Ƙunshin hulunan nan muke zagayewa, Inna tana korarmu da mafici, alhali ita ma idonta na kai.

Ranar Lahadi bayan la'asar ake kallo. Yayana Sirajuddeen ne ke ɗauko bidiyonmu da talabijin, ko tele kamar yadda muke cewa a nan, ya ɗora a kan teburin guga a ƙarƙashin rumfa. A shimfiɗa tabarmi huɗu, matan layinmu su cika gidan har bakin rijiya. Rabinsu ba sa jin Hausar Kano sosai, tamu ta Zongo ta kasuwa ce, ta sha Faransanci ta ƙoshi. To Inna ce tafinta. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno dab da tele, tana fassara, tana ƙara gishiri, tana zagin 'yan wasan kamar suna jin ta. Akwai wani wasa na wani tela da ba ya taɓa gama ɗinkin Sallah, kullum da sabuwar ƙaryarsa. Mun kalle shi ya fi sau ashirin, amma duk ranar sai Inna ta gargaɗi matar da ta kawo masa ɗinki da kada ta ba shi atamfarta. Aminiyarta Nimatou, wata Bayarabiya da ke sayar da ƙosai a bakin layi, takan yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. In hoton ya fara rawa, Baba ya buɗe bidiyon ya goge shi da tsumma da ɗan turare, yana cewa a yi masa shiru kamar likita ne a ɗakin tiyata.

Ga abin da nake so ki riƙe. Kawu ba ya tsayawa ya kashe naɗin da zarar wasa ya ƙare, don haka sau da yawa ƙarshen kaset yakan kama kiran sallar magariba na tashar, da hoton masallaci da dutsen Dala. A nan Inna take yin tsit. Duk surutun nan nata ya ɗauke, ta ɗora hannu a haɓa, kuma kowa ya san wanda ya taɓa tele kafin ladanin nan ya gama zai ji a kunnensa. Takan ce muryarsa irin ta ladanin unguwarsu ce lokacin tana yarinya. Mu dai jira muke ya ƙare a sa wani kaset.

Duk wannan ya wuce. Danshin teku ya cinye kaset ɗin, suka yi fumfuna a cikin kwali. Matan layi wasu sun rasu, wasu sun tashi, waɗanda suka rage kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Maƙwabcinmu ya ta da bene ya toshe tagar ɗakin Inna, ko da tsakar rana sai da fitila. Shekara biyu da suka wuce Baba ya rasu. Dab da azumin bara kuma Inna ta faɗi a banɗaki, ƙugunta ya karye, aka yi mata aiki, likita ya hana ta azumin gaba ɗaya. Tun daga nan sai ta zama wata daban. Kunnenta ya yi nauyi, ga yana a ido ɗaya, ba ta fita ko tsakar gida sai an riƙe ta. Matar da ake jin muryarta daga bakin titi ta koma sai ki yi mata magana uku ta amsa ɗaya. Nakan dawo daga aiki in tarar da ita a inda na bar ta, ta zuba wa bango ido. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Wata rana na ji labarin wata manhajar kallo ta Najeriya da ta tattara tsofaffin wasannin nan, har tana nuna tashar jiharsu Inna kai tsaye. Nan take na sauke, na yi rajista, na biya abonma, wato kuɗin kallo na wata. Ina danna wasan telan nan sai allo ya yi baƙi, rubutu ya fito wai ba a nuna wannan shiri a ƙasar da nake. Anti, daga Kwatano zuwa bakin iyaka ko awa ɗaya ba a yi. Baba ya shekara ashirin yana tsallako da wasan nan a cikin huluna, yau kuma wai wata na'ura ce za ta ce mini ba ƙasata ba ce. Na yi kuka don takaici.

Akwai wani abokin aikina, Taofik, shi ke kula da kwamfutocin biro. Shi ya gaya mini akwai abin da ake kira VPN, wanda in kin kunna, na'urarki za ta bayyana kamar tana wata ƙasar da kika zaɓa. Ya sa mini a waya, na zaɓi Najeriya, nan take wasa ya buɗe. Sai dai Inna ba ta ganin allon waya, da na yi ƙoƙarin tura hoton zuwa tele kuma sai ya ƙi, wai ita telen har yanzu tana Benin. Ranar Asabar Taofik ya zo da matarsa, ya zauna ya sa abin a cikin na'urar wayfai ta gidan kanta, yadda duk abin da ya hau layinmu zai zama ɗan Najeriya. Muka tura tele ɗakin Inna, na ƙure murya saboda kunnenta, na danna.

Ba zan manta ranar ba. Kiɗan farkon wasan na tashi ta ɗago kai. Telan na fitowa da tsumman awo a wuya, sai na ji Innata ta ja tsaki ta kira shi maƙaryacin banza, ta ce har yanzu bai tuba ba. Na fita tsakar gida na yi kuka na share ido na dawo. Cikin mako biyu ta fara cin abinci da kyau, ta sa na ɗauko mata kwalli da turarenta. Ta aika a kira Nimatou, wadda ita ma ta tsufa, suka dinga zama da hantsi suna kallo, tafinta ya dawo bakin aiki. In wasa ya ƙare sai ta ce a mayar mata tashar kai tsaye, ta ji labaran jiha da sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, tana lissafo dangin mutanen da ta sani. Ta ce mini na kai ta gida ba tare da ta hau mota ba.

Yaya Sirajuddeen ne kaɗai bai yi murna ba. Shagonsa na kayan mota yana Jonquet, yana zaune da iyalinsa a Houéyiho, yakan leƙo mu ranar Juma'a. Ya hau wayfai ɗinmu, manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa, wai an ga wayarsa a wata ƙasa. Da na yi masa bayani sai ya hau faɗa. Ya ce wannan ƙarya ce tsagwaronta, kina zaune a Zongo kina ce wa mutane kina Kano, kuma abin da aka gina a kan ƙarya ba ya ƙarewa lafiya. Ni ma ban raga masa ba. Na ce shi da yake zuwa sau ɗaya a mako ya sha shayi ya tafi, ba shi zai gaya mini abin da ke sa Inna dariya ba. Tun ranar gaisuwarmu ta yi sanyi.

To da ta ji ƙarfin jikinta, sai Inna ta ce za ta rama azuminta talatin kafin wani ya zagayo. Likita ya yarda, amma ya ce ta dinga hutawa Asabar da Lahadi. Muka tsara: in na dawo hutun rana sai in haɗa mata kunu a fulas da dabino da ruwa, in ajiye kusa da gadonta, in koma biro ƙarfe uku. Muna tashi shida da rabi, kafin in iso gida an yi magariba. Damuwarta ɗaya, ba ta jin kiran sallar masallacin Zongo daga ɗakin nan, ga tagar a toshe. A da Baba ne ke ƙwanƙwasa mata ƙofa in zai fita masallaci. Sai ta tambaye ni ko lokacin Kano ɗaya ne da namu, don tana jin ladanin tashar raɗau. Ni kuma, 'yar boko, mai aiki da agogo a biro, na ce mata ƙwarai kuwa, agogonmu ɗaya da Najeriya, in shida ta buga a Kano shida ce a Kwatano. Ta yi hamdala, ta ce ashe da rabon ta sake shan ruwa da kiran sallar gida. Sallah kam tana jira in dawo in taimaka mata da alwala, sai mu yi tare. Kullum in ta buɗe baki sai ta jefa ƙwallon dabinon a cikin 'yar tasar da Baba ke ajiye goro, da shi take sanin kwana nawa ta yi.

Ranar Alhamis da ta wuce wuta ta lalace a biro, aka sallame mu da wuri. Na shigo layinmu shida da 'yan mintoci, rana ja wur a saman rufin gidaje, yara na ta ƙwallo, masu shago ko alwala ba su fara ba. Tun daga zaure na jiyo ladanin Kano yana kira daga ɗakin Inna. Ina ɗaga labule na gan ta, fuskarta cike da annuri, ta riga ta kai dabino baki tana kurɓar ruwa. Na koma waje na sake duba sama, wai ko idona ne. Na kashe wayfai a wayata na duba jadawalin sallah na garuruwan biyu, sai na ga a wannan watan rana tana riga faɗuwa a Kano da fiye da rabin awa. Agogon ɗaya ne, gaskiyata, amma ban taɓa tunanin rana ba ta bin agogo ba. Ina tsaye a tsakar gida har ladanin Zongo ya kira tamu magaribar. Da na shiga sai ta miƙo mini tasar tana murmushi, ta ce in ƙirga. Ƙwallo ashirin da biyu, saura takwas.

Na kasa faɗa mata. Washegari na yi mata ƙarya, na ce likita ya kira ya ce ta huta kwana goma kafin ta ci gaba. Ta yi mita amma ta yarda. Yanzu saura kwana huɗu ƙaryar ta ƙare, kuma saura mako bakwai azumi.

Anti, na san halin Innata. Ba ta wasa da ibada. In ta ji cewa telen nan ce ta sa ta sha ruwa da rana kwana ashirin da biyu, wallahi za ta ce a fitar mata da ita daga ɗaki, kuma ba za ta sake kallonta ba har ta koma ga Allah. Sai ta koma zuba wa bango ido. Ga Yaya Sirajuddeen, wanda zai ce ai ya faɗa. Wani lokaci zuciyata takan ce in yi shiru, tunda ba da gangan ta yi ba, Allah ya ga niyyarta, in dai san dabarar da zan gyara sauran takwas ɗin. Amma in na kalli tasar nan sai in ji kamar na sace mata wani abu. Tsohuwa mai ciwon ƙugu ta wuni da ƙishirwa kwana ashirin da biyu a kan maganata.

In gaya mata ko in yi shiru? In na gaya mata, ta yaya zan yi kada in rasa Innar da na samu ta dawo? Kuma shi VPN ɗin, da gaske ƙarya ce kamar yadda Yaya ya ce, in cire shi in huta? Don Allah kada ki sa sunana.

Taki,
'Yar Zongo mai kewar ranar Lahadi

*

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na yi dariya a wurin telan, na yi shiru a wurin tasar. Bari in fara da amsar da kika fi tsoro: ki gaya mata, kuma kafin kwana huɗun nan su cika.

Na fahimci dalilinki na son yin shiru, ba na son kai ba ne. Kin ga mahaifiyarki ta dusashe, kin ga ta farfaɗo, ba kya son ki kashe fitilar da hannunki. Amma azumin nata ne, tsakaninta da Ubangijinta, ba ki da ikon yanke mata hukunci a kansa a ɓoye. Kuma irin wannan magana ba ta ɓoyuwa. Wata rana Nimatou za ta daɗe a ɗakin har yamma, ko wata jika ta ce ai ba a kira ba tukuna. Ranar da ta ji a bakin wani, ba telen kaɗai za ta daina yarda da ita ba, har da ke. Kuskuren agogo kowa zai iya yinsa, ni kaina sai da na tsaya na yi tunani kafin na gane. Ƙaryar likita kuwa da saninki kika yi ta, ita ce ya kamata ki fara wankewa.

Kafin ki zauna da ita, ki je wurin malamin da ita ta yarda da shi, ba wanda ke kika zaɓa ba. Ni ba malama ba ce. Abin da na taso ina ji shi ne wanda ya sha ruwa yana zaton rana ta faɗi alhali ba ta faɗi ba, babu zunubi a kansa kuma babu kaffara, sai dai ya rama ranar. Na kuma san akwai malaman da suka sassauta, sannan tsoho mai rauni yana da nasa hukuncin na ciyarwa. Ki kwashe komai ki faɗa wa malam: shekarunta, ciwonta, kwanakin da suka rage kafin azumi, da cewa ke kika ba ta tabbacin lokacin. Ki kuma kira likitan, da gaske wannan karon, ki ji ko jikinta zai ɗauki wani azumin. Ta haka in kin shiga ɗakinta ba da matsala kaɗai za ki shiga ba, har da mafita.

In za ki faɗa, ki ɗora laifin inda yake. Tele ba ta yi mata ƙarya ba, ladanin ma bai yi ba, a kan lokaci yake kira wa mutanen garinsa. Ita ma ba ta yi sakaci ba, ai sai da ta tambaya. Ki ce mata ke kika ba ta amsa ba tare da kin bincika ba, ki nemi gafararta, ki bar ta ta yi faɗanta. Matar da ke zagin tela a cikin akwati ba za ta rasa abin da za ta gaya miki ba, kuma faɗan nan alamar lafiya ce. In ta ce a fitar da tele, ki fitar ba gardama, ki ajiye a rumfa. Ina kyautata zaton ba za a yi mako ba za ta tambayi inda telan ya kwana.

Batun VPN, yayanki ba shirme yake yi ba. Masu manhajar sun sa shingen ne saboda yarjejeniyar da suka ƙulla a kan inda za a nuna shirye-shiryen, kuma tsallake shi saɓa wa sharaɗin da kika amince da shi ne lokacin rajista. Suna iya rufe miki asusu duk ranar da suka ga dama, ki san da wannan. A ɗaya gefen, ba satar shirin kika yi ba, kina biyan abonma, kuma ba sayarwa kike yi ba, tsohuwa kike faranta wa rai. Tunda za ki wurin malam, ki haɗa da wannan tambayar. Ki kuma rubuta wa masu manhajar ki tambaye su ko suna da hanyar da mazauna waje za su kalla da izini. Irin Innarki suna da yawa daga Kwatano har Akara, ya kamata su ji. Kafin nan, ki ce wa Taofik ya cire abin daga na'urar wayfai ya mayar da shi kan tele kaɗai, ko kan ɗan akwatin da ake jona mata. Ba dalilin da zai sa wayar kowane baƙo ta tafi Najeriya don ya zo gaisuwa. Kuma in VPN na kyauta ne kuke amfani da shi, ki guji buɗe banki a kansa, ba ki san hannun wa bayananki ke bi ba.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma ba rabin awar nan ba ce. Kwana ashirin da biyu Hajiya tana buɗe baki ita kaɗai a ɗaki mai duhu. Da akwai mutum ɗaya a gefenta ranar farko, da ba a kai ta biyu ba. Ba zarginki nake ba, kina aiki, kina dawowa da rana ki dama kunu, kin yi abin da 'ya'ya da yawa ba sa yi. Amma ki sake karanta abin da kika rubuta a kan ranar Lahadi. Kaset ɗin kin ba shi layi biyu, sauran duk tabarmi ne da mata da dariyar Nimatou da Baba da tsummansa. Manhaja ta dawo mata da wasan, ba ta dawo mata da wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Wannan aikin yayanki ne. Daga Jonquet zuwa Zongo ba tafiya ba ce. Ki same shi ki gaya masa komai, ki bar shi ya ce ai ya faɗa, ki haɗiye, sau ɗaya ne. In ya gama sai ki ce masa ƙofar da Baba ke ƙwanƙwasawa tana nan, ba mai taɓa ta. Ya rufe shago da wuri ko ya bar wa wani, ya zo ya yi magariba a masallacin Zongo, ya biya ta ɗakin mahaifiyarsa a kan hanya. Ranakun da ba zai iya ba, ki roƙi shugabanki ya sake ki da rabin awa. Mako bakwai ne, ba shekara ba.

Tasar kuwa kada ki taɓa ta. Ita za ta yanke abin da za a yi da ƙwallayen bayan ta ji maganar malam, kuma ko an ce ta sake, ƙishirwar da ta sha ba ta faɗi ƙasa banza ba a wurin Allah. In ta sake farawa, ki ɗauki azumin tare da ita ko da na wasu kwanaki ne. Ladanin Kano ya kira, ku saurare shi har ya gama kamar yadda ta koya muku kuna yara, ta yi wa 'yan'uwanta na Yakasai barka da shan ruwa a zuciyarta, ta yi wa Alhaji addu'a a rabin awar da ta rage. Idan na Zongo ya kira, ke za ki ji mata. Ki miƙa mata dabino da hannunki, ki jefa ƙwallonki a tasar kusa da nata.

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya karɓi ibadarta, ya jiƙan Alhaji Barau, ya shirya tsakaninki da yayanki. Ki gaishe mini da Nimatou, ki ce ta ɗaure ɗankwalinta da kyau.

Anti Labiba